Idrisa ya kwaikwayi wakilin gona

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Yaya jikinka, yaya Asabe da yara? Mu a Gadarif lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Ɗanka Idrisa ya shiga masrah, wato wasan kwaikwayo. Ranar Alhamis ya kwaikwayi wakilin gonar da babansa, maigidana, yake wa aiki, har da ɗingishinsa da tsawar da yake daka wa leburori. Kowa ya yi dariya, har ni. Ashe wakilin yana zaune a gaba.

Jiya lorin da ke kai leburori Fashaga yankan riɗi ya tashi, wakilin ya sa aka bar babansa tsaye da lauje a hannu. Idrisa kuwa ya ce sai ya sake wasan.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka rubuto masa kafin lori na biyu ya tashi. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Inna.

Ƙanwarka,
Hauwa