Kada Ki Saurari Ƙarar Mota

Sabuwa,
Talata da hantsi, cikin watan Zulƙida, 1980.

Da sunan Allah mai kai matafiyi masaukinsa.

Zuwa ga Zulaihatu 'yar Malam Salihu na Tafoki, sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko! Zulai farar kurciya, mai taku kamar ba ta son ƙasa ta ji ciwo, mai murmushin da ke sa mutum ya mance abin da ya zo faɗa. Sallama gare ki irin ta wanda kewa ta ci ta cinye. Ina kwananki? Yaya fargaba? Tawa kam kada ki tambaya, don da za a buɗe ƙirjina yanzu, lugude kawai za a tarar ana yi.

Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace. A kan murfin mota nake yin sa.

Takardarki ta same ni a Fatakwal ranar Juma'a, bayan ta yi mako biyu tana yawo daga hannu zuwa hannu. Layi uku ce kacal, amma wallahi ta fi buhun dawa nauyi. Kin ce Baba zai tafi aikin hajji, ranar Alhamis ɗin nan za su bar Tafoki zuwa Kano. Kin ce ya bar wa ƙanensa sallahu, idan har ya fita bai ga kowa daga gidanmu ba, a mayar mana da kayan baiko. Sannan kika rufe da cewa, "Ni ban ce komai ba." Haba Zulai! Wannan layin na ƙarshe shi ya hana ni cin abinci. Shirun haƙuri ne, ko shirun wadda ta gaji da ni? Tun daga Fatakwal nake juya shi, har yau ban gano gabansa da bayansa ba.

Ban da bakin ƙorafi, ni na jawo. Da ƙaramar Sallar nan na zo gida da Fijona, kaina ya kumbura ya fi motar girma. Ranar kasuwar Ruwan Godiya na hangi Baba tsaye cikin dattawa sa'o'insa. Me ya kamata ɗan mutunci ya yi? Ya tsaya nesa, ya kashe mota, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ni kuwa sai na rage gudu, na sauke gilashi, na danna hon sau biyu, na ɗaga masa hannu kamar na ga abokin wasana. A gaban kasuwa guda! Abin da ya faɗa ya iske ni tun kafin in bar gari: "Wanga yaro mota ta cinye mashi ƙafafu. Wanda bai iya sauka ba, ban ba shi ɗiyata." Maimakon in zo da kaina, sai na koma bakin aiki na aiko masa da rediyo mai kaset, wai ni mai dabara. Aka dawo mini da ita ko kwalinta ba a buɗe ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a wannan kasuwar, shekara uku ke nan, lokacin ban mallaki komai ba sai tsohon keke mai kukan gyare? Da ruwan ya ɗauke na ɗaure miki ƙwaryar gyaɗarki a bayansa, na tura shi da ƙafa, ke da ƙawayenki kuna gaba kuna yi mini dariya. Da muka yi kiciɓis da Baba a bakin gona, na yar da keken na zube ƙasa da sauri har hulata ta faɗa cikin taɓo. Ya yi murmushi ya ce in tashi. Ke kuma kika rufe baki da gefen gyale, idanunki na ƙyalli kamar raɓa a kan ganyen wake. Wancan Almun mai keke shi kika so. Ina na yar da shi, Zulai? A wace kwana ya faɗo ban waiwaya ba?

Shi na fito nema. Ranar Asabar da sassafe na roƙi hutu, na karanta addu'ar tafiya, na kama hanya ni kaɗai, ba abokin hira sai tsoro. Lissafina shi ne kwana biyu na iso. Ashe ni ina nawa, Allah Ya riga Ya gama naSa.

Tun kafin in bar ƙasar da ake haƙo man, na yi rabin wuni a layin gidan mai. A gadar Makurɗi kuma wata babbar mota ta mutu ta tare hanya, muka yi cirko-cirko, ruwan Binuwai yana wucewa a ƙarƙashinmu ba ruwansa da saurin kowa. Na danna hon har yatsana ya yi ciwo, ko taku ɗaya ba a matsa ba. Na dubi kogin nan na ce, ya Rabbi, in Ka ƙaddara zan isa, gada ba ta hana ni, in kuwa ba Ka ƙaddara ba, fiffike ma ba ya kai ni. Bakina ne ya faɗa, amma zuciyata ba ta yarda ba tukuna, agogo kawai take kallo.

Bayan Lafiya taya ta fashe. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ba gida gaba ba gida baya. Na fito da jak na zube gwiwa bibbiyu cikin jan taɓo, farar shaddar da na sa don burge mutane ta koma kalar tukunya. Ina cikin kokawa da noti sai wani tunani ya soke ni, har na saki sifana. Almu, ka durƙusa wa taya! Ka fi rabin awa gwiwarka a ƙasa saboda baƙar roba, amma dattijon da ya haifi Zulai ka kasa ba shi minti ɗaya. Na zauna a wurin na yi kuka, Zulai, ba na ɓoye miki. Ruwan sama ya rufa mini asiri, masu wucewa ba su gane ba.

Jiya kuma, gaba da Kachiya, lagireto ya tafasa, hayaƙi ya turnuƙe, jarkata ba ko ɗigo. Na zauna cikin mota fiye da awa guda ina jan carbi, ina roƙon Allah Ya kawo ɗauki, ina ganin Alhamis tana tahowa da gudu ni kuwa ina tsaye. Can sai ga wani tsoho a kan jaki. Kin san abin kunya? Hannuna da kansa ya nufi hon. Na janye shi kamar na taɓa garwashi. Na fito, na tuɓe takalmi, na tsuguna na gaishe shi yadda aka koya mini a gida. Ya dube ni, ya dubi motar, ya nuna gangare da sandarsa ya ce, "Ga ƙorama nan, ɗana, taku ɗari ba ta kai ba. Daga kan kujera ne ba a ganin ta." Na gangara, ga ruwa garai-garai yana gudu. Duk tsawon lokacin da nake roƙo, Ubangijina Ya riga Ya amsa, Yana jira ne in sauko.

Kada ki ɗauka na zama waliyyi a kwana uku. Tsoron yana nan daram, yau ma ya ƙaru. Na biyo ta Sabuwa ne don in ɗauki Baba Mani, ƙanen marigayi mahaifina, domin kin san yaro ba ya zuwa ban haƙuri gaban babba shi kaɗai, sai da dattijo a gabansa. Na iso da safen nan na tarar ya tafi ta'aziyya Ƙetare ta ƙasar Ƙanƙara. Yanzu dole in bi shi can, in roƙe shi ya taso daga zaman makoki, sannan mu juyo Tafoki kafin ranar gobe ta faɗi. An ce mini akwai wani rafi a hanyar, in ya ɗauko ruwa sai a wuni ana kallonsa, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas. Safayar taya babu, lagireto na yoyo. Idan rafin ya cika fa? Idan Baba Mani ya ce ba shi zuwa? Idan mun iso, Babanki ya ce ba ya ganin mu? Na ɗaure abin da zan iya ɗaurewa, na cika jarka biyu, na yi sallar walaha. Sauran na miƙa wa Wanda Ya ɓoye mini ƙorama a taku ɗari.

Goggo Barakatu, yayar babana, ita za ta kawo miki wannan, don yau za ta bi motar kasuwa ta zo yi wa maniyyata bankwana. Na ce ta shigo in rage mata hanya zuwa Funtuwa, ta harare ni sama da ƙasa ta ce, "Ni ban shiga motar da ta zubda muna mutunci. In takarda ce kawo, in ƙulle ta a bakin zane." Kin ji yadda darajata ta koma ko a gidanmu!

Ya hasken gidan Malam, roƙona gare ki kaɗan ne. Kada ki yi wa Baba magana a kaina, kada ki bari ya ga hawayenki. Mutumin da zai je ɗakin Allah bai kamata ya fita da damuwar 'yarsa a ransa ba. Laifina ne, bakina ne zai ɗauke shi. Na san al'ada ce maniyyaci ya yafe wa kowa kafin ya tashi, amma ba na son in raɓe cikin taron masu bankwana in samu yafiya a arha. So nake ya dube ni ni kaɗai, ya faɗa mini duk abin da ke ransa, ina ƙasa ina ji. In ya haƙura, alhamdu lillahi. In ya ce a mayar da kaya, zan karɓa hannu biyu, in jira ya dawo, in sake zuwa, in sake komowa, har sai ya gaji da ganin ƙeyata a ƙofar zaurensa. Ke dai ki sa ni cikin sujadarki. Kuma don Allah, in da hali, ki gaya wa Goggo ma'anar shirun nan naki, ko da kalma ɗaya ce, ta tare ni da ita a bakin gari.

Da can da ƙarar mota kike gane zuwana, har ƙawayenki suna tsokanarki wai ango ya iso tun yana bayan gari. Gobe kada ki saurare ta, ba za ki ji ba. In Allah Ya kai mu, zan bar ta a gindin ɗorawar nan ta mashigar Tafoki, in miƙa wa Baba Mani makullin, in riƙo takalmana a hannu in biyo bayansa. Ki kasa kunne wajen zaure bayan la'asar. Za ki ji sallamar dattijo tukuna, daga sama, da ƙarfinta. In kuma kika ji wata ta biyo baya can ƙasa-ƙasa, daga inda ake ajiye takalma, tana rawa, to ni ne.

Naki, ko an ba ni ko an hana ni, har ranar da za a mayar da ni ƙasar da na koyi durƙusawa a kanta,

Almu.