Ruwan Garga

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Haman ya zo tukuba da hantsi, ina cikin yanka nama. Wai in raka shi ranar Asabar mu sayi GPS, ƙaramar na'urar nan da ake riƙewa a hannu tana nuna wa mutum hanya a daji. Na ce shekara goma sha tara muna farauta tare a dajin Yoko, wace hanya ce ta ɓace mana? Sai ya kalli ƙasa. Na san bara yake nufi, ranar da muka yi ta zagaye dutse ɗaya tun azahar har la'asar. Hayaƙi ne ya yi wannan, makiyaya sun sa wa ciyawa wuta. Na faɗa masa tun a lokacin.

Asabar, 13 ga Janairu

Mun je. Shago ne a bayan kasuwar Mokolo ta nan Yaoundé, mai shi ɗan ƙabilar Bamileke, bakinsa ba ya hutawa. Ya baje mana guda uku. Haman nan da nan ya rungumi mai ƙaton allo, wadda ake shafawa da yatsa kamar waya. Na ce masa hannu mai jinin gada da gumi ne zai shafa wannan? Ta biyu sai an yi mata caji da lantarki. Na tambayi mai shago ko zai haɗa mana da turken wuta mu kafa a daji. Ya yi dariya, Haman bai yi ba.

Ta uku na zaɓa, 'yar rawaya mai maɓallai, tana cin batir biyu irin na tocila, wanda ko a ƙauye za ka samu. Ba ruwanta da rezo, wato sabis na waya, kuma wai ko ta faɗa rafi ba ta mutuwa. Haman ya ce, "Yaya Garga, abin da ka zaɓa shi ne." Har na ji daɗi, ni wawa. Da hannuna na zaɓa, ya kamata in rubuta wannan kada in manta.

Talata, 16 ga Janairu

Rubutun jikinta ƙanana ne ƙwarai. Laifin masu yin ta ne.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Jiya muka dawo, kwana biyar. Mazo ɗaya, gada biyu. Wannan karon Haman ya taho da surukinsa Alim, ma'aikacin ofis, mai sabon takalmi da sabon permi, takardar izinin farauta. Duk inda na tsaya, Haman sai ya danna maɓalli: zango, mashigin rafi, wurin da dabbobi ke lasar kanwa. Ni kuwa ina ta nuna musu, ina ta zuba kamar wanda aka ba kujerar malami.

Rana ta uku, da walaha, na shiga bayan wata kirya in kama ruwa. Sai na ji Alim yana tambaya da Faransanci ko sun kusa gamawa. Haman ya ce saura ruwa kawai. Ya ƙara da cewa, "Le vieux ne voit plus." Tsohon ba ya gani. Wai zuwa na gaba ba sai an wahalar da ni ba.

Ni ne tsohon. Ni da na goya shi a bayana kilomita huɗu shekarar da maciji ya sare shi. Sun ɗauka Faransancina na ƙirgen kuɗin tsire ne kawai.

Na fito ina gyara wando.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Jiya ban iya rubuta sauran ba.

Akwai idon ruwa a wannan dajin, ƙarƙashin wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse, ba ya ƙafewa ko rani ya kai ina. Babana ya nuna mini shi ina ɗan shekara goma sha biyu, ya ce kada in nuna wa kowa sai wanda zai wanke gawata. Kullum ni kaɗai nake zuwa in cika jarkoki in kawo zango, Haman bai taɓa bi na ba. Da ya ce in kai su su danna, sai na kai su wani kududdufi a kwarin gabas. Ruwa cike yake, har da sawun maraya, dabbar nan mai kama da barewa, a baki. Amma na san halinsa, kafin ƙarshen Fabrairu laka ce za ta rage.

Haman ya danna, ya rubuta suna, ya nuna mini yana murmushi. Ban iya karantawa ba, na yi kamar na karanta. Alim ne ya faɗa da ƙarfi: "Ruwan Garga."

Ai ban yi laifi ba. In sun tafi da ni, ruwan gaskiya za su sha.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Na gamu da Haman a masallaci. Na ce yaushe za mu koma kafin azumi? Ya ce kasuwa ta riƙe shi, sai dai bayan salla. Ya riƙe hannuna har bakin titi, yana tambayar ƙafata.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Haman da Alim sun tafi daji. Tun Asabar. A bakin mai sayar da gawayi na ji, yana tambayata me ya sa ban bi su ba. Na ce ƙafa. Na ƙona tsire sanda shida yau, abin da ban yi ba tun ina yaron tukuba.

Matata Jaratu ta kawo tuwo, na ce na ƙoshi. Ta tsaya a kaina tana kallona, sannan ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Zafi yau ko a nan Yaoundé ba a magana. Jarka nawa suka ɗauka? Haman ba ya ɗaukar fiye da biyu, ya saba ni nake kawowa. Ba ruwana.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Saliha matar Haman ta zo daga unguwar Ekoudou bayan an taso masallaci, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Tun Laraba ya kamata su fito ƙauye su kira ta. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Baba Garga, kai ka san dajin nan, ka ce mini ba komai." Na ce ba komai. Ta ce ai shi ma ya ce kada ta damu, ruwan Garga yana cikin na'ura.

Na shiga ɗaki na zauna. Na san inda suke. Motarsu tana yinin tafiya guda daga kududdufin, kuma Haman mai taurin kai ne, zai ce na'ura ce ta yi kuskure, ya yi ta zagaye kwarin yana neman ruwan da ba ya nan, don Garga ba zai yi masa ƙarya ba.

Na kira Ilyas, makiyayin da muke ajiye mota a rugarsu. Sau bakwai kafin ta shiga. Na kwatanta masa kwarin. Ya ce daga can zuwa rugarsu mutum mai ƙishirwa ba zai kai ba, ko an same su. Sai na faɗa masa idon ruwan. Kirya mai rassa biyu, a bar ta a hagu, a gangara, fa mai baƙi daga ciki, a ɗaga dutsen da ke bakinsa. Tafiyar rabin awa ce kawai daga inda na aike su. Shekara arba'in da shida ina riƙe da wannan, na faɗe shi a waya cikin minti biyu, Jaratu tana tsaye a ƙofa tana ji.

Asabar, 24 ga Fabrairu

An same su. Da rai. Alim bai san inda kansa yake ba, a kan babur aka fito da shi. Alhamdu lillahi. Ban buɗe tukuba ba.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Jaratu ce ta fasa ƙwan da kanta, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. Ita ta je wurin Haman tun bara, bayan abin dutsen nan. Ta roƙe shi ya nemi dabarar da zai daina tafiya da ni, kada wata rana a kawo mata hulata kawai. Ta ce, "Malam, gishiri kake zubawa a shayi ka ce sukarin bana ba shi da kyau."

To. Ashe su biyu ne. Matar da na aura tun ba ta iya dama kunu ba, da mutumin da na goya. Sun zauna sun yanke mini hukunci, ba wanda ya iya duban idona ya faɗa mini. Na ce mata da kin faɗa mini ai da na ji. Ta ce ta faɗa sau nawa?

Haushin yana nan, ban san inda zan ajiye shi ba ne kawai.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Haman ya zo tukuba. Ya rame, leɓensa duk ya tsage. Na shirya masa magana tun shekaranjiya, shi ma na zaci ya shirya mini tasa. Ya zauna a benci ya ce a ba shi na ƙoda, a sa yaji kaɗan. Ya ci. Ya ce ruwan fa ɗin nan da sanyi yake. Na ce haka yake. Shi ke nan.

Da zai tafi ya ajiye 'yar rawayar a gefen tire, ya ce in riƙe masa. Na san bai manta hanyar gidansa ba, da gangan ya bar mini ita.

Juma'a, 1 ga Maris

Na kunna ta da safe. Na kai ta nesa, na kawo ta kusa, na fita rana. A ƙarshe dai na miƙa wa Jaratu na ce ta karanta mini. Ta karanta: zango, mashigi, kanwa, Ruwan Garga. Haman bai goge ba, bai canza sunan ba.

Bayan salla zan sa ya kai ni, in tsaya a kan fa ɗin ya danna. Ba don shi ba, ban yafe ba tukuna. Ba na son sunana ya zauna a kan laka ne kawai.

Jaratu ta ce likitan ido yana zama ranar Talata. Na ce ina da aiki ranar Talata. Na dai tambaye ta ƙarfe nawa.