Tattabarun da Suka Ƙi Ci a Kasko

Zuwa ga Malam, maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka da rai da lafiya, ko da yake ban san wa zan ba ya kai maka ba. Wata huɗu ke nan tun ranar kasuwar Agiye da mota ta tsaya ƙofar buro, wurin aikinka, aka tafi da kai. Duk wanda na tambaya sai ya ce harkar siyasa ce, ya sunkuyar da kai. Ashe haka mulkin kan da muka samu yake?

Maganar tattabarunka ce. Ka tuna dariyar da nake yi maka, malamin gona guda ya tsuguna bakin akurki da fensir yana rubuta yadda tsuntsu ke tsintar hatsi? Ka ce so kake ka gane waɗanne ke tone wa manoma iri bayan shuka. Na rumfunan kasuwa ka rufe su gefe guda, waɗanda ka kamo a gonakin Cadakori gefe guda. Kullum kana cewa, "Kar a buɗe, kar a haɗa su."

Ban haɗa ba. Amma ni da rashin sani, sai na ga watsa gero a ƙasa ɓarna ce, na koma zuba musu a kasko. Na kasuwa, makwaɗaita, har ture juna suke yi. Na Cadakori kuwa ko kallon kaskon ba su yi ba. Suna ta caccakar ƙasar da ba komai, ga abinci gabansu. Sai da uku suka mutu na farga. Wallahi na yi kuka, laifina ne.

Na koma watsawa, ina cuɗawa da rairayi. Biyun da suka rage suka ɗan tsinta, suka koma lungu suka takure. Jiya na saɓa maganarka, na buɗe musu. Da ƙyar suka iya hawa katanga. Ka yafe mini.

Abin da ke cin raina shi ne na san halinka. Kai da ko gidan biki ba ka sa hannu a tuwon da ba ka san wadda ta tuƙa ba! Don girman Allah, Malam, duk abin da suka turo maka a kwano, ka ci. Ko da tsakuwa a ciki, ko da zagi aka haɗo shi, ka rufe ido ka ci. Ɗiyanka suna jiranka.

Allah ya tsare ka, ya sassauta zukatan masu riƙe da kai, ya maido mana kai bisa ƙafafunka.

Matarka,
Uwar Rabi