Injiniyan ƙarƙashin sinki da bututun draya

Anti Katumi, ki taimaka mini kafin a tuɓe ni daga muƙamin da ban daɗe da samu ba.

Ni dai a aji uku na sakandare na tsaya, malamai suka huta, ni ma na huta. Bas nake tuƙawa, muna zaune a unguwar Plumstead, nan ƙasar Turawa, da mai ɗakina Jamilatu da 'yarmu Zarah. Shekara da shekaru, ko ƙusa ce ta karkace a gidan nan maƙwabcinmu Stephen, mutumin Kafanchan, ake kira. Ni aikina riƙe masa tocila.

Watan jiya bututun ƙarƙashin sinkin wanke-wanke ya tsage, Stephen kuma ya yi tafiya. Na ce yau ranata ce. Na yi yadda na ga masu gyaran famfo suna yi a Kurna, na kara bakin bututun roba a wutar girki don ya yi laushi in cusa masa ɗan'uwansa. Bututu ya narke kamar alewa, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, Zarah ta fito tana yi mini faɗa da Turanci. Washegari na ajiye girman kai na koma shagon da na sayo bututun, wani dattijo ya koya mini: a yanka a miƙe, a kankare bakin, a goge ya bushe, a shafa gam ɗinsu na musamman, a cusa cikin mahaɗi, a ɗan murɗa a riƙe. Taga a buɗe, don warin yana hawa kai. Anti, ko ɗigo. Jamilatu ta ajiye kwano a ƙasa don ta kama ni, kwano ya gaji ya tashi a bushe. Yanzu Injiniya take kirana, har a waya da 'yan'uwanta.

Ga matsalar. Drayarmu ta busar da kaya a cikin kicin take fesa tururinta, ni na bar ta haka wai ɗumin kyauta ne lokacin sanyi. Bango ya yi fumfuna, tari ya ƙi barin Zarah, likita ya ce danshi ne. Na yi alkawarin fitar da tururin waje da ragowar bututuna. Stephen ya dawo ya ce kada in kuskura. Ni kishi nake gani, an ƙwace masa kasuwa. In na janye na koma riƙon tocila. To in kuma gaskiyarsa ce fa?

Injiniyan Maman Zarah, Plumstead

Malam Injiniya, barka da arziki. Kwanon Hajiya ya ba da shaida, ba mai ƙwace maka wannan.

Amma Stephen ya fi ka gaskiya, ko da akwai ɗan kishin. Bututunka na ruwa ne, kuma ya yi siriri. Draya iska mai zafi take fitarwa haɗe da burbushin zare. Zaren yana maƙalewa a roba ya toshe hanya, zafi ya taru, daga nan gobara take tashi. Kai da ka ga abin da wuta ta yi wa robar nan ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Ka sayi bututun ƙarfe mai faɗin bakin injin. Hanyar ta zama gajeriya, ba yawan lanƙwasa, ta fita waje kai tsaye da murfi mai buɗewa da kansa. A haɗa gaɓoɓin da tef na alminiyam, ban da gam, ban da sukurun da zai leƙo ciki ya kama zare. A riƙa share matacin injin bayan kowace busarwa. In gidan haya ne ko na council, wato na ƙaramar hukuma, ka nemi izini kafin a huda bango. Kafin nan a daina kunna drayar a kicin, a kankare fumfunar, ƙirjin Zarah ba zai jira ka ba.

Batun muƙami kuwa, kai da kanka ka gaya wa Hajiya ka bincika ka gano roba ba ta dace ba. Haka injiniyoyi suke magana. Sannan ka gayyaci Stephen ranar aikin, ya huda bangon tunda ya saba, kai ka haɗa bututu, ka miƙa masa tocilar.

Allah Ya ba Zarah lafiya, Ya bar maka sunanka.

Anti Katumi