Mantuwar Baba da Iyakar Gonar Marayu

Assalamu alaikum Anti Hure. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Mahaifina ya haura saba'in. A ƙauyenmu, arewa da Dawanau, shi ake kira idan gardamar iyakar gona ta tashi, don ya san wanda ya dasa kowane gindin gamba. Bara mantuwa ta fara taɓa shi. Ya adana irin gero ya rasa inda ya sa, ya tambayi abu sau uku. Likita a Kano ya ce ba ta yi nisa ba, ya sa mana wani wasan motsa ƙwaƙwalwa a waya: a nuna hotuna, a ɓoye, ya tuno. Da farko Baba ya ce da furfurarsa ba zai yi wasan yara ba. Yanzu bayan la'asar shi ke neman wayar, har gori yake mini idan ya ci. Duk tsadar rayuwar nan, yayana Muntaka bai taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Wallahi na gode wa Allah, Baba ya dawo yana hira.

To, bayan girbi za a raba gadon maƙwabcinmu, akwai marayu a ciki, kuma Baba zai nuna iyakar gonarsa. Muntaka ya ce mu daina wasan mu yi shiru, kada a ce tsoho ya ruɗe a watsar da shaidarsa. Ni kuma tsoro nake ya koma yadda yake.

'Yar Manomi

Wa'alaikumus salam, 'yata. Na ji daɗin wasiƙarki, Allah ya yi muku albarka.

Muntaka yana da gaskiya, bakin mutane ba daɗi. Amma kada ku daina abin da ke amfanar Baba, kuma ɓoyon ne zai ɓata shaidarsa ranar da aka gano. Ki sani wasan taimako ne, ba waraka ba, don haka ku riƙa komawa wurin likita.

Kada ku jira girbi. A makon nan ku sanar da mai unguwa halin da ake ciki, ya zo da dattawa biyu da magadan, da safe, Baba ya zaga iyakar da su. Muntaka ya ɗauki bidiyo da wayar nan. Idan dattawan suka gaskata, magana ta zauna. Daga nan Baba ya bi sauran gonakin ƙauyen, tun yana tune da su.

Ko wata rana ya manta, marayun ba za su rasa ko kunya ɗaya ta gonarsu ba. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Anti Hure