Da Hajaratu Zan Koma

Asabar, 2 Satumba, 1978. Ƙanƙara.

Mun iso jiya, ni da Hajaratu. Maigidana Sanusi yana Landan, jarrabawa ta riƙe shi. Da zai sa mu a jirgi ya ce, "Safara'u, duk abin da Goggo ta ce, ki ce to." Uwarsa ce, shi ya ce mata to.

Tun a zaure na yi ɓarna. Yarinyar ta bi wata akuya da gudu, na ɗaga murya na ce, "Hajaratu, dawo!" Gidan ya yi tsit. 'Yar fari, ga shi sunan Goggo ta ci. Na sani sarai. To a ɗaki ɗaya a ƙasar mutane, da ni da ita da garu, wa zan ji wa kunya? Ba zan daina ba.

Litinin, 4 Satumba. Sallah.

Shekara uku rabona da jin gangar Idi. A can tuwon semolina nake tuƙawa mu ci mu uku, Sanusi ya ɗauki jaka ya tafi makaranta, an gama Sallah ke nan. Yau na ci tuwon shinkafa da miyar taushe har na kasa tashi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Goggo ta sa wa Hajaratu lalle da kwalli, ta ɗora ta a cinya. Ana cikin gaishe-gaishe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wagga ɗiya tawa ce. Nan za ta zamna. Ɗiyar da ba ta iya gaida mutane ba, mi aka yi ke nan?"

Mata suka yi ta cewa gaskiya ne. Na ce, "Goggo, tikitinmu na mutum biyu ne." Wai na yi rashin kunya. To na yi.

Laraba, 6 Satumba. Faskari.

Yawon Sallah a Fijon Alhaji Rabo, ƙanin mahaifin Sanusi. Sabuwa fil, har ledar kujerun bai cire ba. Mun kafe a taɓo kusa da Sheme, sai da manoma suka tura mu, suna yi masa dariya.

Duk gidan da muka shiga magana ɗaya ce, kamar an aiko musu. Ita Barakatu, yayata ciki ɗaya, har da cewa, "Mu duk mun ba da namu, ba mu mutu ba." Na ce ku kuka ga za ku iya.

Alhamis, 7 Satumba.

Hajaratu ta ci dafaffiyar masara biyu. A can sai na bi ta da cokali.

Asabar, 9 Satumba. Sabuwa.

Gidanmu. Na ɗauka ko kowa ya juya mini baya, Inna za ta tsaya mini.

Hajaratu ta faɗi a bakin rijiya ta kurje gwiwa. Na miƙa hannu, ta wuce ni tana kuka tana kiran Anti Pegi. Inna ta ce wace ce wannan. Na ce Baturiyar da ke riƙe ta in ina asibiti wajen karatun ungozoma.

"Da rana?"

Na ce daga Litinin zuwa Juma'a take kwana can. Garin da nisa, sai an hau jirgin ƙasa.

Inna ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ashe kin riga kin ba da ita. Mu ne dai ba ki ba."

Ba haka ba ne. Ba haka ba ne ko kaɗan. Ina zuwa duk Asabar. Pegi mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ba ta naman alade ba. Na ji haushin Inna har na ƙi cin tuwo.

Talata, 12 Satumba. Ƙanƙara.

Mun dawo. Ban yi wa kowa magana mai tsawo ba. Na wanke kayan Hajaratu na ninke a akwati, na bar shi a buɗe a tsakar gida don kowa ya gani.

Alhamis, 14 Satumba.

Tun safe ban sa ta a ido ba. Tana bayan gida da yaran Sha'ibu, wan Sanusi, suna dafa ƙasa a gwangwani. Na leƙa. Ita ce ke ba da umarni, da Hausarta rabi da rabi, ƙafa duk taɓo, tana ƙyalƙyala dariya. Ban san tana da irin wannan dariyar ba. 'Yata ce, kuma ban sani ba.

Goggo ta same ni a tsaye a wurin. Na shirya mata amsa. Ba ta yi maganar ba. Cewa kawai ta yi, "Karatun naki saura nawa?" Na ce shekara ɗaya. Ta ce Allah shi ba da sa'a, ta wuce madafa.

Na fi son ta yi faɗa.

Talata, 19 Satumba. Kano, filin jirgi.

Ba don maganar Goggo ba ne, ba don ta Inna ba. Sanyin hunturu na zuwa, kuma yarinyar tana yawan tari a can. Shi ke nan dalilin. Shekara ɗaya ce, ranar da na karɓi takardata ranar zan zo in ɗauki abata, na faɗa wa Goggo haka a gaban kowa. Har yanzu ina nan a kan bakana, ba daidai ba ne a raba uwa da 'yarta.

Da zan baro Ƙanƙara na durƙusa na ce wa Hajaratu zan tafi, zan daɗe. Na shirya rarrashi, har alewa na ɓoye a jaka. Ta dube ni, ta ce, "Sai Asabar?"

Na ce i, sai Asabar.

Ta ɗaga mini hannu ta koma wajen wasanta. Ta saba.