Sunayen da Na Bari a Cikin Na'urar Ƙungiya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Har yau in na bi ta Kantin Kwari na ji ƙamshin sabuwar atamfa, wannan ƙamshin na sitaci da rini da ruwa bai taɓa ba, sai komai ya dawo mini sabo, domin shi ne ƙamshin da ya cika zauren taro ranar da abin ya faru. Dukkanmu 'yan ƙungiya mun yi anko, shuɗiya mai zanen ganye, ni ce ma na zaɓo ta da hannuna.

Ni 'yar Fagge ce, na karanta ilimin labarin ƙasa, wato jogirafi, na kuma gama bautar ƙasa. Muna da wata ƙaramar ƙungiya ta masu wannan fanni, malamai da tsofaffin ɗalibai. Shugabanmu malami ne da zan kira shi Dakta, shi ya duba aikina na kammala digiri, kamar uba na ɗauke shi. Sakatariyarmu kuma ƙawata ce tun ajin farko na jami'a, bari in kira ta Binta. Da labari ya zo cewa za a yi babban taron masana jogirafi a nan Kano, kuma an ba ƙungiyarmu damar gabatar da maƙala ɗaya, murna ba a magana, domin ba a taɓa gayyatarmu ba. Aka zauna aka duba ayyukan kowa, sai aka zaɓi nawa.

Aikin nawa a kan tsofaffin kududdufai ne na Fagge da Sabon Gari, waɗanda aka cike da shara da ƙasa tun kafin a haife ni aka yi gine-gine a kansu. Duk damina nan ne ruwa yake fara kwanciya, ni a raina gani nake tsohon gidansa yake dawowa nema. Babu takardar da ta nuna inda kududdufan suke, sai a bakin tsofaffi, su kuma ba sa son faɗa, domin duk wanda ya ce gidansa a kan hanyar ruwa yake ya san abin da yake tsoro, a wayi gari a ga jan fenti a bango, bayansa sai rusau. Na yi wata da watanni ina hawa adaidaita ina bin lunguna kafin su saki jiki da ni. A unguwarmu akwai Baba Ilu, sa'an kakana, da ya nuna mini inda suke kama tarwaɗa suna yara, wurin yanzu tsakar gidansa ne, ya ce amaryata, in kika jawo mini masu rusau saki uku ne ba kome. Muka yi dariya. A Sabon Gari kuma akwai Mama Nkechi, tsohuwa Ibo da aka haifa a nan, tana sayar da manja da garin rogo a ƙofar gida, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ita ce ta ja hannuna har ɗakinta, ta janye kabad ta nuna mini layin da ruwa yake bari a bango, ya kai ƙuguna. Ta ce 'yata, na nuna miki ne don na ga idonki da kunya, amma in masu jan fenti suka zo ina zan kai jikokina? Na dafa ƙirji na yi mata alkawari, na yi wa kowa, cewa a taswirata ba za a ga gida ko suna ba, yanki kawai zan shafa wa launi. Binta tana wurin ranar, ta rako ni, har ta ci teba da miyar agushi ta nemi ƙari.

A nan ne nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Ƙungiya tana da na'urar GPS guda ɗaya da muke ara, wadda ake tsayawa a wuri a danna ta riƙe daidai inda yake. Abin da aka koya mana shi ne ka ba kowane wuri lamba, ɗaya, biyu, uku, sunan mai gida kuma ya zauna a littafinka kai kaɗai, kuma kafin ka mayar da na'urar wurin sakatariya ka goge komai. Ni kuwa ban taɓa iya kiran mutum da lamba ba. Matar da ta ba ni kujera ta ba ni ruwa, ta yaya zan rubuta ta a goma sha huɗu? Sai na riƙa sa musu suna yadda na san su, Mama Nkechi mai manja, Baba Ilu mai tarwaɗa, gidan mai bishiyar gwanda, haka dai har gida ashirin da wani abu. Na kwashe bayanan a kwamfutata, na zana taswira mai launi kamar yadda na yi alkawari, na mayar wa Binta na'urar, na manta ban goge ba.

Da yake ni ba na iya magana a gaban taro, murya rawa take mini, aka shirya Binta ce za ta gabatar, sunanta a gaba nawa a baya. Ban ji komai ba, na ma ji daɗi. Na ba ta taswirar da rubutun, muka yi ta gwaji a falonmu, Innata tana kawo mana zoɓo tana cewa Allah Ya sa ku fi kowa.

A wani otal aka yi taron a Sabon Gari, tsakaninsa da layin su Mama tafiyar ƙafa ce. Na zauna can baya cikin 'yan ankonmu, Binta ta hau, Turanci yana zuba, ina ta alfahari da ita a raina. Sai ta ce ga taswirar, majigi ya haska allo. Jama'a, ba tawa ba ce. Hoton unguwa ne daga sama, rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, an ɗiga jan ɗigo a kan kowane gida, ga suna a gefe da manyan baƙaƙe. Mama Nkechi mai manja. Baba Ilu mai tarwaɗa. Zaure ya ɗauki dariya irin ta jin daɗi, wani farfesa ya ce wannan shi ne bincike mai rai, aka yi ta tafi. Ni kuwa na ji kamar an kware wa mutane labule suna tsaka da canza kaya, kuma hannuna ne a jikin labulen. Lokacin tambayoyi wani mutum ya miƙe ya ce shi daga ɓangaren tsara birane yake, irin wannan taswira suka daɗe suna nema, ina zai samu? Binta ta yi murmushi ta ce za ta fito a kundin taro. Da yamma aka ba ƙungiyarmu lambar yabo, Dakta ya karɓa, aka ɗauki hoto, ina ciki a gefe, duk wanda ya gani sai ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

Washegari na je gidansu Binta. Na tambaye ta me ya sa, ta ce ke matsalarki waƙa ta yi miki yawa a kai, taswirarki kamar zanen lalle take, kyau ba bayani, wa zai ba mu lamba da ita? Na tuna mata alkawarin, na tuna mata tebar da ta ci, ta ce ita ba ta dafa ƙirji ba, kuma abin da aka samu a cikin na'urar ƙungiya na ƙungiya ne, da ina son sirri da na goge. Ta ce ma wa ya sani ko sanadin haka a gyara musu magudanan ruwa, ko so nake wata damina gini ya rufto a kan jikokin matar? Wannan maganar ta tsaya mini, don ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ai ba mu aka ba zaɓin ba, gidajensu ne, kuma sun faɗi abin da suke so. Na yi kuka, ta ba ni hankici, na ƙi karɓa. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Na yi ta lallashin kaina cewa taro ya wuce, mutane sun manta, kundin ma ya yi ta jinkiri wata bakwai ke nan. Sau ɗaya na iya komawa wurin Mama, ta rungume ni ta ce 'yar boko kin guje ni, ta cika mini kwalba da manja ta hana ni magana, na dawo ban faɗa mata komai ba, kwalbar tana nan ban iya buɗewa ba. Baba Ilu kuwa kullum sai na wuce ta ƙofarsa, kullum sai ya ce amarya ina cefane, ni kuma in sunkuyar da kai.

To makon jiya saƙo ya zo daga masu tace kundin, cewa duk marubucin da yake da gyara ko yake son janye maƙalarsa ya rubuto kafin ƙarshen wannan watan, daga nan sai bugawa, kuma za a raba wa ma'aikatu. Sunana yana kan maƙalar, ina da ikon rubutawa ni kaɗai. Amma in na ce an sa sunayen mutane ba da yardarsu ba, ba gyara kawai za a yi ba, ƙila a cire maƙalar, ƙila a karɓe lambar, ƙungiyar da ta samu shiga karo na farko ta fita da kunya, kuma dole in amsa cewa ni ce na bar sunayen. Ga shi ina neman gurbin digiri na biyu, takardar shaida daga hannun Dakta za ta fito. In kuma na yi shiru, taswirar za ta shiga ofis-ofis da sunan Mama a jiki. Ƙila ba abin da zai faru har abada. Ƙila kuma wata safiya a zo da gwangwanin fenti, ba a buƙatar tambayar kowa hanya, ni na riga na nuna.

Don Allah me zan yi? In rubuta wa masu kundin, komai zai faru ya faru? In fara zuwa wurin Mama da Baba Ilu in faɗa musu gaskiya, ko hakan tayar musu da hankali ne kawai a kan abin da ba su da ikon hanawa? Waɗanda suka san harkar jami'a a cikinku, akwai hanyar da za a canza taswira ba tare da an tona kowa ba?

Na san da yawanku za ku ce in je in samu Dakta, shi ne babba. Ni ma niyyata ke nan har shekaranjiya. Saƙon masu kundin Binta ce ta turo mini ta imel, ba ta ƙara ko kalma ba, ban sani ba ko mantawa ta yi ko da gangan, tsofaffin saƙonninta da Dakta suna biye a ƙasa. Sai shekaranjiya na lura da su, na karanta har ƙarshe. Ashe taswirata mai launi ta fara tura masa, ta ambaci abin da ta gani a na'urar, amma ta gaya masa cewa ni na yi wa mutanen alkawari. Shi ne ya amsa mata da layi biyu, ya ce a sa gidajen da sunayen yadda suke, su ne za su bambanta mu da kowa, kuma kada a faɗa mini sai an gama, yarinyar tana da taushin zuciya.

Wata bakwai ina gaba da Binta, shi kuma duk Juma'a sai na tura masa barka da Juma'a, ya amsa da Allah Ya yi miki albarka 'yata.